Shanun Huɗar Yaya Sahabi da Kwamfutar Lawali

Akwai wata magana da ta zauna a bakin gidanmu har ta yi kama da gaskiya, kuma ni Saude ba zan shiga kabari in bar ta haka ba. Ranar sunan ɗiyar Nura, ɗan yayana, a Fakku na sake jin ta, daga bakin wata amarya da ko hanyar gidan ba ta sani ba lokacin da abin ya faru. Ana rabon nama ta ce a sa wa Yaya Lawali kaɗan, ai shi ya riga ya cinye shanu biyu. Mata suka kwashe da dariya. Lawali yana bakin zaure, ya ji, shi ma ya yi dariya tare da su. Ni kuwa na ture naman gefe, ban ci ba. Saboda haka ku 'ya'yana da 'ya'yan Yaya, ku karanta wannan da kyau, wanda bai iya karatu ba a karanta masa.

Yaya Sahabi, Allah ya jiƙansa, wana ne uwa ɗaya uba ɗaya. Manomi ne a Fakku, da asuba ya biya wa yara karatu, da hantsi yana gona. Lawali shi ne ɗansa na fari, kuma kun san kunyar ɗan fari a gidanmu ba wasa ba ce. Yaya bai taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba, bai taɓa tambayarsa ko ya ci abinci ba. In suka haɗu a hanya, Lawali ya durƙusa ya gaishe shi, shi kuma ya amsa yana kallon wani gefe. Mahaifiyarsa Kulu ma haka, ta fi shi ma. Ni ce goggo, ni ba ruwana da wannan kunyar. Ina koyarwa a firamare a Tambuwal, maigidana ya rasu, ɗaki yana nan a kulle, sai aka kawo mini Lawali tun yana shiga sakandare. Daga nan duk maganar da za ta tashi daga ɗa zuwa uba, ko daga uba zuwa ɗa, sai ta bi ta bakina. In Yaya zai yi zancensa sai ya ce “yaron ga na wajenki,” kamar ni na haife shi.

Shekarar da nake ba ku labari, Lawali ya gama karatun safiyo, wato awon ƙasa da zanen taswira. Wani kamfani da ke auna filayen noman rani ya ɗebi samari gwaji na damina ɗaya, wanda ya yi abin kirki a riƙe shi. Sharaɗinsu kowa ya zo da kwamfutarsa, mai ƙarfin ɗaukar manyan hotunan ƙasa da ake ɗaukowa daga sama. Lawali ya zo ya same ni ina tsintar shinkafa, ya yi ta kewaye-kewaye har na ce masa in yana da magana ya faɗi, in ba shi da ita ya zo ya taya ni tsinta.

“Goggo, ki gaya ma Baba, ba sabuwa nika so ba,” in ji shi. “Akwai ta hannu, baƙa, mai kauri, wadda aka buɗewa a ƙara mata ƙwaƙwalwa. Ita ta ishe ni, kuma ba ta da tsada.”

Na hau mota zuwa Kebbe, na hau mashin zuwa Fakku, na isar da saƙo yadda aka ba ni. Ban rage ba, ban ƙara ba, kuma duk wanda ya ce na karkatar da shi ya zo ya faɗa a gabana. Yaya yana gyaran igiyar shanu, ya saurare ni har na gama, sannan ya ɗago.

“Ta hannu? Abin da wani ya ci ya rage?” ya ce. “Zai shiga cikin ɗiyan manya da kwance? Saude, ina raye?”

Na ce masa shi mai abin ya faɗi abin da yake so. Ya ce yaro ne, kunya ce ta sa ya roƙi ƙarami. A nan ne na gane inda aka dosa. Mutumin da bai iya buɗe baki ya ce wa ɗansa sannu ba, ya sami hanyar da zai faɗi komai a lokaci guda, kuma ba mai tare shi. Shanun huɗa biyu gare shi, waɗanda ya raina tun suna maruƙa, ga gajimare ya fara haɗuwa a gabas. Kulu ta yi magana, ni na yi, har na ɗaga murya. Ya ja su kasuwa ya sayar. Nura, ƙanen Lawali, shi ya riƙe igiyar har kara, kasuwar shanu.

Da kansa ya tafi Sakkwato, ya shiga babban shago, ya ce a nuna masa wadda ta fi kowacce suna. Aka fito masa da wata siririya, fara kamar azurfa, ba ta kai faranti nauyi ba. Aka ce masa iri uku ce, jiki ɗaya, sheƙi ɗaya, bambancin yawan ƙwaƙwalwa ne, kuma kowane hawa da nasa kuɗin. Abin da ke aljihunsa ya kai ga ta ƙasa, mai ƙaramar ƙwaƙwalwa, giga takwas. Bai damu ba, don shi a saninsa komai na duniya da kaɗan ake farawa. Gidan Fakku da ɗaki ɗaya ya fara shi, kowace kaka ya ƙara. Gonarsa ma haka, garken awakinsa ma haka. Ga kuma saƙon da na kai masa cewa ana ƙara wa kwamfuta ƙwaƙwalwa. Sai ya yi lissafinsa irin na manomi: a kama mai asali yanzu, in amfani ya zo gida a ƙara mata. Bai tambayi mai shago ba, mai shago kuma bai ga dalilin ɓata cinikinsa ba. Wa zai tambaya ko ana iya ƙara ɗaki a gida?

Bai kawo ta kai tsaye ba. Sai da ya kai wa baduku ya ɗinka mata jakar jan fata daidai jikinta, ya kai ta masallacin Fakku dattawa suka sa albarka, kowa ya shafa. Sannan ya zo Tambuwal ranar kasuwa ya ajiye ta a kan gadona.

“Ki ba yaron ga na wajenki,” ya ce. “Ki ce mishi in kaka ta yi za a ƙara mata abin da ya rage.”

Ban taɓa ganin fuskar Yaya da haske irin na ranar ba. Ya ƙi zama ya sha fura, don kada Lawali ya dawo ya tarar da shi.

Da Lawali ya dawo ya zare ta daga jaka, na ga hannunsa ya tsaya. Ya juya ta, ya karanta rubutun da ke bayan kwalin, ya daɗe yana kallo. Ni ina ta guɗa ina tsokanarsa, ina cewa yau ɗan Fakku ya zama bature. Ya ce Allah ya saka wa Baba da alheri, in isar masa da godiya. Ya tafi aiki da ita. Sai da damina ta yi nisa, ya zo hutun Juma'a ya rame, idanu sun faɗa, na tsare shi a ɗaki na ce ba inda za shi sai ya gaya mini abin da ke cinsa. Na ɗauka mace ce. Sai ya buɗe kwamfutar, ya kira wani hoton fili, muka zauna muna kallon wani ɗan abu yana juyawa a allo, yana juyawa, har na gaji na tashi na duba tukunya na dawo, bai gama ba.

Ya ce in ɗauka kwamfuta tana da rumbu, tana kuma da tabarmar shanya. Rumbu shi ne inda ake ajiya. Tabarma ita ce ƙwaƙwalwar da ake magana, faɗinta shi ne yawan abin da za a iya bazawa a yi aiki a kai lokaci guda. Ta wannan tabarmar ƙarama ce, hotunan kamfani kuwa manya ne, sai ta baza kaɗan ta kwashe, ta baza kaɗan ta kwashe, wani lokaci ta tsaya cik aikin yini ya lalace. Abokansa masu baƙaƙen kwamfutoci masu kauri suna miƙa aiki da azahar, shi yana nan har la'asar bai kai rabi ba. Na ce to ai da sauƙi, ba sai an jira kaka ba, gobe a je a ƙara mata.

“Goggo, wagga ba a ƙara mata,” ya ce. “Waccan da nac ce, ƙwaƙwalwarta cikin gurbi take, kamar ruwan fartanya da ƙota, a zare a sa wani. Wagga narka dalma anka yi anka liƙe ta da jikin injin, don ta yi siriri. Yadda anka saye ta haka za ta mutu.”

Ya ƙara mini bayani cewa masu ƙera irinta sun san abin da suke yi. Suna sa ta ƙasa a gaba, da farashin da mutum zai ga kamar ya kai, alhali kyanta da sunanta ne ya saya. Mai son babbar ƙwaƙwalwa dole ya biya tun ranar saye, a farashin da suka ga dama, don sun san in ya fita shago bakin alƙalami ya bushe. Ya ce ba wai ba ta da kyau ba ne, ga mai rubutu da lissafin ofis ta fi ƙarfin bukata. Aikinsa ne dai ba nata ba.

Na ce to, ba girin-girin ba, ta yi mai. A sayar da ita, a sayi baƙar, har canji ya dawo. Wallahi na ɗauka na warware matsala. Sai yaron nan ya dube ni kamar na ce a sayar da kabarin kakansa.

“In sayar da abin da dattawan Fakku sunka sa ma albarka? Kwana nawa za a yi kafin a ji? Su ce an cuci Malam Sahabi a birni, ya ba da shanunai ya karɓo abin da ɗansa ya yar? Goggo, Baba bai taɓa ba ni komi da hannunai ba sai wagga.”

Na yi faɗa, na yi zagi. Na ce masa kai da ubanka duk kanku ɗaya, taurin kai kamar jakin da ya ga gada. Na ce aiki ne fa zai kuɓuce maka, aikin da gidan nan duka ke jira. Ya ce ya sani. Na ce to bari in je in gaya wa Yaya da bakina, ai ba yau na fara kai saƙo mai ɗaci ba. Nan ya durƙusa ya kama ƙafata, babban saurayi mai gemu, ya ce in yi masa alkawari Baba ba zai ji daga gare ni ba. Na yi masa, ina kuka ina zaginsa. Na yi ƙoƙarin haɗa abin da zan saya masa baƙar a ɓoye ya riƙa aiki da ita, amma albashin malamar firamare kun san shi, kafin in kai ko'ina damina ta wuce. Shi kuma ya yi ta aron ta abokai in sun gama nasu, abin bai ɗore ba, don kowa da filin da aka tura shi.

A can Fakku kuwa, daminar nan da hannu aka yi ta. Nura da ƙannensa suka yi huɗa da garma ta hannu, tafin hannunsu ya yi kanta ya fashe. Rabin gonar tudu ba a taɓa ta ba, ciyawa ta cinye. Ba na ganin laifinsu da suka ji haushi, wanda ya sunkuya a kunyar gona tun safe har yamma yana da hakkin ya tambayi inda guminsa ya tafi. Abin da ya sa suka haƙura shi ne ana cewa Yaya Lawali zai kama aiki, shanu za su dawo har da ƙari. Ana fara yankan gero kamfani ya fitar da waɗanda zai riƙe, babu Lawali. Ya je gida ya tsaya a tsakar gida, Yaya yana zaure yana ji, ya ce wa Kulu aikin ya fi ƙarfinsa, bai iya ba. Nura ya jefar da lauje ya ce ashe shanu biyu aka yanka wa mutum ɗaya. Daga ranar maganar ta samo asali.

Abin da ba wanda ya sani sai ni shi ne abin da ya biyo baya. Bayan an kai amfani gida, Lawali ya tafi Kebbe neman koyarwa, ya bar kwamfutar a ɗakina. Ranar kasuwa sai ga Yaya, ya sayar da wakensa, ya ce in ɗauko ta. Ya ce alkawari ya yi za a ƙara mata in kaka ta yi, kuma wataƙila in aka ƙara, kamfanin ya sake duba yaron. Na ce ya bari sai mai ita ya dawo. Ya ce a'a, so yake ya dawo ya tarar an gama. Na ce masu gyaran Tambuwal ba su iya irinta ba. Ya ce a gwada. In na yi magana na karya alkawari, in na yi shiru zai ji daga bakin bare. Na yafa mayafi na bi shi, shi a gaba da jakar fata a hammata, ni a baya ina addu'ar Allah ya sa mu tarar da shagon a rufe.

A buɗe yake. Mai gyaran ya kwance bayanta a hankali, ya duba, ya juyo da ita wajen Yaya. Ya nuna masa wasu 'yan baƙaƙen abubuwa a jere, manne da allon ciki, ya ce ga ƙwaƙwalwar nan, a liƙe take, ba gurbin da za a sa wata. Ya jawo wata tsohuwa mai kauri daga ƙarƙashin tebur, ya zare tata da yatsa biyu ya mayar, don Yaya ya ga bambanci. Yaya ya ce ko nawa ne zai biya. Mutumin ya ce ba maganar kuɗi ba ce, Baba, ko Legas aka kai ta amsar ke nan. Yaya ya tambaye shi ko irin wannan tana ɗaukar aikin taswira. Ya ce da ƙyar, sai dai a sha wahala.

“Mai aiki da ita zai san haka?” in ji Yaya.

“Tun ranar da ya buɗe kwalinta, Baba.”

Yaya ya sa aka mayar da ita yadda take, ya biya ladan kwancewa, ya saka ta a jaka. Muka taho. Da muka shiga gida ya zauna a kan turmi a tsakar gida, abin da ban taɓa ganin ya yi ba, ya ɗora jakar a cinya. Na kawo ruwa bai sha ba.

“Kin sani,” ya ce. Ba tambaya ba ce.

Na ce na sani, tun tsakiyar damina. Na gaya masa komai, tunda ba daga bakina ya fara ji ba: yadda na ce a sayar, yadda yaron ya ƙi, abin da ya faɗa game da dattawan Fakku, da yadda ya kama ƙafata. Ina magana Yaya yana shafa jakar da babban yatsa. Da na kai inda Lawali ya ce Baba bai taɓa ba shi komai da hannunsa ba sai wannan, sai ya ja rawaninsa ya rufe fuska. Na girma tare da mutumin nan, na ga ranar da muka binne mahaifinmu, ban ga hawayensa ba sai ranar. Na ce masa bari Lawali ya dawo in zaunar da su, a yi magana a wuce wurin, a kuma gaya wa su Nura gaskiya. Ya girgiza kai.

“A'a. Ya ba da aikinai don kada in ji kunya. Ya tsaya gaban ƙannenai ya ce shi ne bai iya ba. In ya san na sani, ya yi hasarar banza ke nan. Ki bar mishi abinai, Saude. Muddin ina numfashi kada ya ji.”

Na ce, Yaya, wannan wace irin rayuwa ce, kowa yana ɓoye wa kowa, ni kuna ɗora mini? Ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ya miƙe ya mayar da kwamfutar daidai inda ya ɗauke ta, har ya gyara igiyar jakar yadda ya same ta.

Haka na zauna da alkawari biyu, shekara da shekaru. Lawali ya sami koyarwa a Kebbe, yana nan har yau, bai sake komawa awon ƙasa ba. In Yaya ya zo wucewa, sai Lawali ya fito da kwamfutar ya ɗora a tebur yana buga jarrabawar ɗalibai, don uban ya ga ana amfani da ita. Yaya kuma ya saci kallo ya gyaɗa kai, don ɗan ya ga ya ji daɗi. Ni ina tsakiya ina kallonsu, wani lokaci in ji kamar in fasa ihu. Yaya ya so ya hana su Nura maganar shanu, amma ba ya iya kare ɗan fari a bainar jama'a, sai dai in sun fara ya tashi ya bar wurin. Su kuma suka ɗauka haushin Lawali ne yake tashe shi.

Yanzu Yaya ya koma ga Ubangijinsa. Uban da Lawali ya ce kada ya ji ya riga ya ji, kuma shi da ya ce muddin yana numfashi ya daina numfashi, don haka ba alkawarin da ya rage a wuyana. Nura, ba na neman ka da laifi, hannunka ne ya fashe, amma ka ja kunnen matan gidanka. Abu ɗaya ne ban yarda da Yaya a kai ba, cewa in Lawali ya sani ya yi hasarar banza. Ni a ganina rashin sanin ne ya fi cutar da shi, don ya rayu yana zaton ubansa ya tafi da tunanin ya haifi rago.

Lawali, akwai sauran magana ɗaya. Ranar nan da muka dawo daga wajen mai gyara, da Yaya zai fita, ya kai bakin ƙofa ya sa takalmi, sai ya tsaya bai juyo ba. Na ɗauka mantuwa ya yi.

“Saude,” ya ce, “yaron ga ya haifu. Ni ban kai shi ba.”

Ya fita ya hau motar Kebbe. Ubanka ne ya faɗa, da kunnena na ji.